Ruwan Zafin da Aka Hana Ni

Da sunan Allah wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Abin da ya tayar mini da wannan labari, kwanan baya wata yarinya 'yar unguwarmu ta shigo gaishe ni da tsohon ciki. 'Yar matakalar ƙofar ɗakina kawai ta hau, sai ta dafa bango tana haki. Na dubi ƙafarta, na ga igiyar takalmi ta nutse cikin nama. Na ce ta je asibiti, ta ce kakarta ta ce zaƙi ne, an jiƙa mata kanwa. To ni ma haka aka ce mini, shi ya sa zan faɗi abin da ya same ni, har da wanda ba ya yi mini daɗin faɗa.

Sunana Rabi, a Misfala, wata unguwa a Makka, aka haife ni. Iyayena daga ƙasar Kano suka taso a ƙasa, suka yi shekaru a hanya suna tsintar auduga a Sudan, da suka iso Makka suka ce nan za su mutu. Baba bai daɗe ba ya cika alkawarinsa. Inna kuwa ta zama ungozomar Hausawan Misfala kaf, har daga unguwannin Nakkasa da Utaibiyya ake zuwa ɗaukarta. Ita ke yanke cibi, ita ke wankan jego, kuma ba a taɓa jin an raina hannunta ba. Ni ce 'yarta ta fari, don haka kunya ba ta barin ta ko sunana ta kama. “Ke” ce ni in ina kusa, “waccan” in ina nesa.

Tun ina yarinya na yi wani zazzaɓi mai kumbura gwiwa da wuyan hannu. Ya tafi, amma ya bar ni da gajeren numfashi. Sa'anni na su yi Safa da Marwa suna hira, ni sai na zauna na huta a tsakani. Kowa ya ɗauka ragwanci ne. Da aka aurar da ni ga Malam Sule mai tsire, ciki biyu suka zube mini tun ba su yi ƙwari ba. Na ukun ne ya zauna, a shekarun da motoci suka fara korar raƙuma daga hanyar Jidda.

A wannan shekarar ce ita ma Zulai ta samu ciki. Zulai matar ƙanena Ali ce, shi kuwa ruwa yake sayarwa, garwa biyu a sanda, abin da muke ce wa zaffa. Uwarta ta rasu a Sawakin, gaɓar tekun Sudan, suna jiran jirgin ruwa, ta tashi a hannun wannan da wancan. Doguwa ce, mai wushirya, mai dariya kamar ba ta san akwai mutuwa ba. Cikinta na fari ne, amma ko a jikinta. Da shi take ɗaukar tiren waina ta hau dutsen Nakkasa ta sayar, ta sauko tana waƙa. Inna kuwa ba kunya tsakaninta da ita, “'yata Zulai” take cewa da baki cike. Ban taɓa son jin kalmar nan ba, ko kafin in kwanta ciwo.

A wata na huɗu, shara ma ta fara gagarata. A na biyar ƙafafuna suka yi suntum, in na danna da yatsa sai ramin ya zauna. Malam ya kai ni gidan Inna, inda Ali da Zulai suke zaune, don a kula da ni. Nan fa masu magani suka yi mini caa. Inna ta ce zaƙi ne ya yi yawa, ta dafa saiwoyi masu ɗaci ta dama kunun kanwa. Goggo Tabawa, ƙanwar mahaifin mijina, ta ce iska ce, ta kawo rubutu da turare. Wata maƙwabciyarmu da ta zauna a Sudan ta ce in zauna a kan hayaƙi. Wani wanzami mutumin Yaman ya ce a yi mini ƙaho a baya. Duk na yi, ban da ƙahon, shi ma don Malam ya ce jinin da ke jikina bai kai a raba da ƙaho ba.

Bayan mako guda ina shan kunun kanwa, awarwaron hannuna ya ƙi fita, sai maƙeri aka kira ya yanke shi. Kwanciya ta gagara, da na miƙe sai in ji kamar an danne ni cikin ruwa. Wata safiya na yi tari, na ga kumfa mai ja-ja a gefen mayafina. Malam ya gani. Bai yi shawara da kowa ba, ya fita ya dawo da masu shibriyya, gadon katakon nan da ake ɗaukar tsofaffi a kai su ɗawafi. A kansa aka ratsa Misfala da ni, yara suna bi suna tambaya ko gawa ce.

Asibitin gwamnati kuwa, wanda bai je ba bai san haƙuri ba. Ƙofar mata daban, layi ya miƙe har bakin titi: Jawawa, Indiyawa, Buharawa, matan ƙauyen Larabawa da awakinsu, sai mu da ake kira Takari a can ƙarshe. Mai gadin ƙofa wanda ya sani yake kira. Ranar farko har aka rufe ba mu ga kowa ba, aka biya masu shibriyya a banza. Kashegari Zulai ta ce za ta bi mu. Da cikinta da ya fi nawa girma ta tsaya a kaina tun hantsi, ta baza mayafinta tana yi mini inuwa. Da ta ga rana ta take, ta kutsa ta kama hannun rigar mai gadi ta zazzaga masa Larabcin Sudan, har ya rasa ta cewa ya buɗe mana. Na gode mata, Allah ya sani. Amma ina kwance ina kallon ƙafafunta siraru, busassu, da jijiyoyinsu a fili, sai na ja zane na rufe nawa kumburarrun.

Hakim ɗin, wato likitan, Bamisire ne, dogo, mai tabarau. Ya sa roba a kunne ya daɗe yana saurare a ƙasan nonona na hagu. Ya tambaye ni ko na taɓa zazzaɓi mai ciwon gaɓɓai, na ce ƙwarai. Ya cire robar ya ce, “Galbik ta'aban, ya binti.” Wato zuciyarki ta gaji. Maganar nan har yau tana kunnena. Ya ce akwai wata ƙofa a cikin zuciya da zazzaɓin nan ya tsuke, da tana lallaɓawa don mutum ɗaya take yi wa aiki, yanzu kuwa mutum biyu ne. Sai ya shiga jero haramun: gishiri mamnu', daka mamnu', hawan dutse mamnu', kwanciya a miƙe mamnu'. Ya rubuta wani magani na ɗigawa a ruwa, da allura duk mako mai fitar da ruwan jiki. Ya ce a asibiti zan haihu, kuma in Allah ya raba lafiya, wannan cikin ya zama na ƙarshe.

Inna tana jin Larabci sarai, amma ta ce da ni da Hausa, “Ke, tambaye shi wankan jego fa?”

Ya ce mene ne shi? Na kwatanta masa: ruwa a tafasa a babbar tukunya, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa wa mai jego safe da yamma, kwana arba'in ko fiye, ta sha kunun kanwa, ta kwanta a ɗaki mai garwashi. Ya zare tabarau ya dubi Inna.

“Ya Hajja, 'yarki ce ko kaza ce za ki fige?”

Inna ba ta yi dariya ba. Ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa ɗan gutsuren kanwa. Ya juya ta, ya lasa, ya yamutsa fuska ya tofar. Ya ce wannan ai uwar gishiri ce, ita ta cika ni da ruwa. Ya ce in aka haɗa mini ita da ruwan zafin nan bayan haihuwa, to a haɗa da likkafani. Inna ta karɓi abarta ta ɗaure. Na ɗauka fushi take da shi don ya raina sana'arta.

Daga nan sai zaman jinya. Aka jera mini matasai a bango, a zaune nake barci kamar mai gadi. Abincina shinkafa da kabewa ba gishiri, da naman da aka dafa da ruwa zalla. Duk mako a ɗauke ni a kai ni allura. Ma'aikaciyar da ke yi hannunta kamar na mahauci, allurar ma ta dakushe, amma in an yi, sai in wuni ina fitsari, ƙafa ta saɓe, numfashi ya dawo. Maganin ɗigon sai a kantin magani ake samu. Abin da Malam ya tara a lokacin aikin hajji, wanda da shi muke cin shekara, duk a nan ya narke, har da tukubarsa ɗaya ya sayar. Bai taɓa yi mini gori ba, Allah ya saka masa.

Masu zuwa dubiya kuwa kowa da tasa. Wata ta ce 'yar ungozoma a asibiti, ai abin kunya ya ƙare. Wata ta ce maza ne ke karɓar haihuwa a can. Goggo Tabawa ta ce tunda take ba ta taɓa jin gishiri ya kashe mutum ba. Ina zaune ina jinsu, ta ƙofa kuma ina hango Zulai tana daka, tana jefa taɓarya sama tana tafi. In ta gama ta leƙo ta ce, “Yaya, me kike marmari?” Ni kuwa abin da nake marmari shi ne in ga ranar da za ta ce wash. Sau ɗaya tak. Ba ta taɓa cewa ba.

Ita ta riga ni. Da hantsi tana tankaɗe ta ce bayanta yana ɗaurewa, kafin a kira azahar ta sauke ɗa namiji a hannun Inna, ƙato, aka sa masa Usman. Haihuwar fari gidan iyaye ake zuwa wanka, ita kuwa ba ta da inda za ta, sai Inna ta ce ita ce uwar, kuma wata uku za ta yi mata cur.

Wanda bai zauna Makka a lokacin ba, ba zai gane girman abin ba. Ruwa saye ake, itace saye ake. Macen da aka tafasa wa tukunya safe da yamma, duk unguwa ta san 'yar gata ce. Ali ya bar cinikinsa rabi yana jido daga bazan, wurin da ake ɗiban ruwa. Inna ta fito da babbar tukunyar tagullarta, ta sa ganyen magarya tunda babu runhu a nan. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da makewayi. Ina jin fyaɗin ganye, ina jin Zulai tana ihu tana dariya, Inna tana cewa, “Daure 'yata, daure, yanzu za ki nuna.” Tururi ya biyo ta saman bango ya shigo mini da ƙamshin magarya. Sai in juya fuska in ciji matashi.

Kanwar ce ta fi ci mini rai. Ungurnu ce mai kyau, Inna ta saye ta wurin alhazan Barno tun cikina na farko, ta ƙulle a ƙasan akwati. Da kunnena na ji ta gaya wa wata, “Ta jegon waccan ce.” Yau ga ta ana fasawa ana dama wa Zulai. Aka dafa mata ƙauri. Mijina, nawa na kaina, ya aiko wa mai jego tsire da yaji, aka wuce da shi ta ƙofar ɗakina. Na kira Inna na ce, “Ko ɗan gutsure ba za a rage mini ba?” Ta ce, “Sha maganinki.” Iyakar abin da ta ce ke nan.

Bayan mako uku nawa ya taso, bai ma cika kwanakinsa ba. Haihuwar asibiti ba durƙuso ake ba, a zaune aka jingine ni. Wata ungozoma Bamisiriya mai taushin hannu ta riƙe ni tana cewa kada in yi nishi, zuciyar ba za ta ɗauka ba. A ƙarshe da ƙarfe hakim ya jawo jaririyar. Mace ce, 'yar mitsitsiya, kukanta kamar na mage. Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi muni, ruwa ya taru mini a ƙirji, har aka kira Malam aka ce ya yi addu'a. Inna a tabarma take kwana a bakin ƙofar ɗakin, an kore ta ta ƙi tafiya. Ina can aka yi suna babu ni, aka sa wa yarinya Amina. Sai da na yi kusan mako biyu aka sallame ni.

Na dawo gida da rai, amma ba nono. Ɗan abin da ke zuwa ba ya isar ta, ta tsotsa ta saki ta tsala kuka. Matan unguwa suka samu abin faɗa. Suka ce ina nono zai zo, mace ɗanya? Ba wanka, ba kunu, sanyi ya riga ya shige ta, nan gaba za ta ruɓe ta ciki, miji ya guje ta. A gabana ake faɗa, da sunan jaje.

Wata rana Amina tana kuka, Zulai ta shigo tana sheƙi, fatarta ta yi luwai, gaban rigarta jiƙe da nono. Ba ta tambaye ni ba, ta ɗauke ta ta sa a ƙirji. Yarinyar nan ta kama, ta yi tsit, ina jin ƙarar haɗiyarta daga inda nake. Da ta ƙoshi ta yi barci da hannunta a wuyan Zulai. Malamin unguwa da ya ji ya ce shi ke nan, Usman da Amina sun zama wa da ƙanwa, zancen haɗa su aure da ake yi da wasa ya mutu. Kowa ya yi ta sa wa Zulai albarka. Ni ma na sa mata, da baki. A zuci kuwa cewa nake: ta ɗauki uwata, ta ɗauki kanwata, yanzu ta ɗauki 'yata.

Na roƙi Inna ba sau ɗaya ba. Na ce ko kwana bakwai ta yi mini, ko nonon ya zo. Na ce hakim Balarabe ne, me ya sani game da jikin Bahaushiya? Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi cin abinci. Ta ɗiga magani a ruwa ta miƙo mini, ta fita ta hura wa Zulai wuta.

Goggo Tabawa ce ta share mini hawaye, a ganina na lokacin. Ta zo ta zauna a bakin gadona ta ce, “'Yar nan, in uwarki ta zaɓi suruka ta bar ki, mu dangin Sule ba mu mutu ba. Ba za a ce matar ɗanmu ta tashi ɗanya ba.” Ranar da aka zo aka ɗauki Inna karɓar haihuwa a Nakkasa, sai ga Goggo da ɗaurin itace da mai ruwa a bayanta. Ta ɗora tukunyar tagullar nan. Ina jin itace yana ƙara, wallahi daɗin da na ji ko ranar aurena ban ji shi ba.

Zulai ta shigo da Amina a kafaɗa. “Yaya, don Allah kar ki yi. Hakim fa ya ce mamnu'.”

Na ce, “Ke da kika sha naki kika ƙoshi, dole ki ce mamnu'. Tsoro kike kar nonona ya zo ki rasa abin yabo?”

Ta juya ta fita. Ashe Ali ta samu a zaure ta ce ya ruga ya kira Inna.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tuɓe na ɗaura zane, Goggo ta riƙe ni har makewayi, na zauna a kujera 'yar tsugunno. Tururin kaɗai ya fara toshe mini numfashi, amma na yi shiru. Ta tsoma ganye ta fyaɗa mini a baya, ta ƙara. Zuciyata ta shiga bugawa har cikin kunne, bango ya fara juyawa. Goggo tana cewa, “Yauwa, sanyin ne yake fita.” Ni kuma ina gyaɗa kai, don ban so ta daina.

Ban ji shigowar Inna ba. Na dai ga taɓarya ta shiga ƙarƙashin kunnen tukunya, ta banƙare ta. Ruwan nan duka ya kife a kan murhu, wuta ta yi cuu, toka ta tashi, ruwa ya bi tsakar gida ya fita har lungu. Maƙwabta suka leƙo ta kan katanga, don a Makka ba a taɓa ganin mai hankali ya zubar da ruwa haka ba.

Goggo ta dafe ƙirji. “Ya sattar! Hajiya, kin haukace ne? Ruwan kuɗi!”

Inna ta ce, “Tabawa, ɗauki mayafinki.”

“'Yarki za ki bari ɗanya, kina dafa 'yar wasu? Duniya tana kallonki!”

“Ta kalla.”

Ni kuwa, da ɗan numfashin da ya rage mini, na fasa abin da ke cikina. Na ce, “Ita safe da yamma! Ita 'yata, 'yata! Ni ce bare a gidan nan? Me na yi miki, Inna? In mutuwa ce ki bar ni in mutu da gatana!”

Inna ta yar da taɓarya. Ta tsuguna ta lulluɓe ni da mayafinta. Ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo.

“Tun ranar da mutumin nan ya lasa kanwa nake lissafin matan da na yi wa wanka suka kumbura suna haki. Mu ce sanyi ne, in ƙara itace. Wasunsu da hannun nan na yi musu wankan ƙarshe.” Ta share fuska. “Zulai lafiyarta ƙalau, na rage mata kanwar, ina kuma surka ruwan ba ta sani ba. Amma in na hana ta gaba ɗaya, cewa za a yi don ba ni na haife ta ba. Ke kuwa ni na haife ki. Su faɗi abin da za su faɗa.”

Sai a lokacin na lura Zulai tana tsaye a bakin makewayi, Amina na ƙirjinta tana tsotso. Ta ji komai. Ta juya ta koma ɗaki.

Fyaɗi biyun nan sai da suka sa aka kira masu shibriyya da la'asar, aka yi mini allura, hakim ya wanke mu tas da faɗa, aka dawo da ni. Da Goggo ta samu yadda take so, da wani ne yake ba ku labarin nan. Don haka mai ciki da ta san tana da wani ciwo tun da, ko take haki, ko ƙafa ta kumbura, ta je a saurari ƙirjinta tun ciki yana ƙarami. In an ce ta bar gishiri, to kanwa ma gishiri ce. In an hana ta ruwan zafi, ta toshe kunne. Za a kira ta ɗanya, ni ma an kira ni, ga ni kuwa har na aurar da Amina. Ban sake haihuwa ba, Zulai ta yi tara. Inna kuwa kiranta ya ragu, aka ce ta bi Nasara, wasu gidajen ba su sake aiko mata ba har ta rasu.

Kashegarin ranar da aka kifar da tukunyar, da safe, Inna ta tayar da tukunya ta wanke tokar, ta hura wuta kamar kullum, ta kira Zulai wanka. Ina jingine ina kallonsu ta ƙofa. Zulai ta fito da kayanta a jiki, ba ɗaurin ƙirji.

“Inna, ni 'yarki ce, ko 'yar bakin mutane?”

Inna ta ce, “Wace irin magana ce wannan da sassafe?”

“Ni ban san uwata ba. In 'yarki ce ni, ki hana ni yadda kika hana Yaya.”

Inna ta ajiye maficin da take hura wuta da shi. Can ta sa hannu ta zare itacen ɗaya bayan ɗaya, ta turmuƙe su cikin ƙasa. Ta ce, “Jeki ki ba yara nono. Ba wanka.” Zulai ta fashe da kuka, ta durƙusa ta rungume ƙafafunta, Inna tana shafa mata kai.

Ya kamata in yi murna, na sani. Amma gaskiya zan faɗa. Abu ɗaya tak Inna ta taɓa ba ni wanda ba ta ba Zulai ba, kwana ɗaya na yi da shi a hannu. Na juya fuska bango na ce a raina: kai, yarinyar nan, har hanin ma sai da ta raba da ni.